Ɗaukar Hoton 'Ya'yan Namun Daji: Bayani Ga Jama'a Da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Jihar Bauchi na daga cikin jihohin da Allah Ya albarkata da namun daji, kuma a kowace shekara, musamman daga watan Disamba zuwa Afrilu, baƙi daga ciki da wajen ƙasar nan kan zo domin kallonsu da ɗaukar hotunansu. A da, ɗaukar hoto sana'a ce ta mutane ƙalilan masu kyamara. A yau kuwa da wuya a sami ƙauyen da babu wayar hannu mai ɗaukar hoto, saboda haka manomi da makiyayi da mai itace da ɗan makaranta duk sun shiga sahun masu ɗauka. Abin da ya fi jan hankalin kowa shi ne ɗan dabba: ɗan giwa a gindin uwarsa, ɗan biri a goye, ko 'yan tsaki a cikin sheƙa. Su ne kuma suka fi saurin halaka idan aka matsa musu.

An shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara, da masu unguwanni da dagatai da hakimai, da malaman makaranta masu kai ɗalibai yawon buɗe ido, da jami'an sashen gona da gandun daji na ƙananan hukumomi. Babu laifi a ɗaukar hoton ɗan dabba. Sharaɗin dai shi ne a ɗauka a tafi, ba tare da shi ko uwarsa sun bar abin da suke yi saboda mai hoton ba.

Wuraren da abin ya shafa

Babban wurin shi ne Gandun Namun Daji na Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, daga bisani a 2006 aka mayar wa Gwamnatin Jihar Bauchi. Ana shiga ta ƙofar Mainamaji bayan an ratse daga Dindima a kan hanyar Bauchi zuwa Gombe, masaukin baƙi kuma yana Wikki, kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi. Akwai dabbobi masu shayarwa fiye da iri 50 da tsuntsaye fiye da iri 350 a cikin gandun, ciki har da giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gada, mugun dawa, dorina, kada da birai. Da rani akasarinsu kan taru a kwarin Kogin Gaji saboda ruwa, kuma a nan ne aka fi ganin iyaye da 'ya'yansu.

Akwai kuma dajin Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda a 2006 aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da wasu dabbobin da aka kawo daga ƙasar Namibiya, da gandun Lame-Burra, da tafkin Maladumba a yankin Misau, wanda ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008. Sai dai mafi yawan haɗuwar da mutanen karkara ke yi da 'ya'yan dabbobi a wajen gandun take faruwa, wato a gona, a fadama, a hanyar kiwo ko a kan bishiyar ƙofar gida, inda babu ɗan jagora balle mai gadin daji da zai tsawatar.

Yadda ake gane an matso da yawa

Akan tambayi ma'aikata ko taku nawa ya kamata a bari tsakanin mutum da dabba. Wasu ƙasashe sun yanka adadi. A gandun Yalosuton na ƙasar Amurka, alal misali, doka ta hana kusantar yawancin dabbobi da ƙasa da mita 23, masu farauta irin su kyarkeci kuwa mita 91. Wannan adadi na iya zama abin kwatance, amma uwa mai ɗanyen goyo ta fi kowace dabba saurin tsorata, kuma nisan da wata za ta lamunta, wata ba za ta lamunta ba. Ma'aunin da ya fi inganci shi ne halin dabbar kanta. Idan tana kiwo ta ɗaga kai ta zuba wa mutum ido ta ƙi mayar da baki ƙasa, ko tana shayarwa ta janye nono, ko ta tashi daga kwance, ko ta shiga tsakanin mutum da ɗanta, to an riga an wuce iyaka. Abin yi a nan shi ne a ja da baya sannu a hankali, ba da gudu ba, har sai ta koma ga abin da take yi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dabbar. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, uwa mai shayarwa tana rayuwa ne da ɗan abin da ta tara a jikinta. Duk gudun da aka sa ta yi, da duk shan ruwan da aka katse mata, daga nonon ɗanta ake ragewa. Mai hoto ɗaya yana ganin minti biyu kawai ya tsaya, alhali motoci da dama kan bi wuri guda a yini ɗaya.

Ɗan dabbar da aka tarar shi kaɗai

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma galibi da kyakkyawar niyya ake yin sa. Manomi zai tarar da ɗan gada ko ɗan mazo kwance a cikin ciyawa, ya lafe da ƙasa, kunnuwa a kwance, ba ya motsi ko da an zo kansa. Zai duba gabas da yamma bai ga uwar ba, sai ya ɗauka maraya ne. Daga nan sai a ɗaga shi, a rungume, a yi hoto, a kai gida wa yara.

Alhali kuwa haka Allah Ya tsara renon waɗannan dabbobi. Gada da mazo da gwanki da gwambaza ba sa yawo da jariransu a makonnin farko, domin ƙafafun jaririn ba su yi ƙwarin tsere wa kura ko dila ba. Uwar kan bar shi a ɓoye ta tafi kiwo, ta dawo sau biyu ko uku a yini, yawanci da asuba da kuma almuru, ta shayar da shi, ta lashe jikinsa har da fitsarinsa da kashinsa domin kada wari ya tona asirin wurin. Ɗan gwambaza kan yi mako biyu zuwa huɗu a haka, ɗan gwanki ya kan fi haka, ɗan mazo kuwa yakan kai watanni kafin ya fara bin uwarsa sosai. Lafewar da yake yi ita ce kaɗai makaminsa. Sau da yawa uwar tana nan kusa tana kallo, kuma ba za ta fito ba muddin mutum yana tsaye a wurin. Haka zomo ma yake yi da 'ya'yansa.

Wanda ya yi kiciɓis da irin wannan yana iya ɗaukar hoto ɗaya ko biyu daga inda yake tsaye, ya wuce. Kada ya buɗe ciyawar da ta rufe shi domin hoto ya fito sarai, kada ya kira mutane su zo kallo, kuma ya riƙe karensa. Sawun mutane da yawa yakan buɗe hanya a cikin ciyawa wadda dila da karnukan gari za su bi da dare. Babban abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a tayar da shi a bi shi da gudu. Dabbobin wannan dangi suna da wata lalura da likitocin dabbobi suka sani: idan aka kore su ko aka danne su cikin firgita, naman jikinsu kan lalace, zuciya da ƙoda su gaza, dabbar ta mutu bayan sa'o'i ko kwanaki ba tare da an ga rauni ko ɗaya a jikinta ba. Mutum zai sake ta yana ganin lafiya lau ta tafi.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa da zarar hannun mutum ya taɓa ɗan dabba, uwarsa ba za ta ƙara karɓarsa ba. Wannan magana tana sa wasu su ce tunda an riga an taɓa, gara a tafi da shi gida. Ba haka ba ne a mafi yawan lokuta. Idan yaro ya ɗauko ɗan gada, abin da ya fi shi ne a mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi tun ranar, a kwantar da shi, kowa ya bar wurin. Abin da ke raba uwa da ɗa shi ne daɗewar rabuwa da kuma nisan da aka kai shi. A watan Mayu na 2016, a gandun Yalosuton da aka ambata, wasu baƙi sun ga ɗan ɓaunar ƙasar shi kaɗai, suka ji tausayinsa saboda sanyi, suka sa shi a mota suka kai wa ma'aikata. An yi ta ƙoƙarin mayar da shi cikin garke abin ya faskara, a ƙarshe dole aka kashe shi.

Renon gida kuma ba ya cika yin nasara. Madarar shanu ko ta gwangwani ba ta dace da cikin yawancin 'ya'yan namun daji ba, takan sa su zawo su mutu cikin 'yan kwanaki. Wanda ya rayu kuma ya saba da mutane, ba zai iya komawa daji ba, idan namiji ne kuma ya girma ya yi ƙaho sai ya zama haɗari ga yaran gidan.

Ana iya cewa ɗan dabba yana bukatar taimako ne idan an ga gawar uwarsa, ko yana da rauni a fili, ko tarko ya kama shi, ko ƙudaje sun rufe shi, ko ya yini yana yawo yana kuka ba a ga uwar ba. A irin wannan hali hoto yana da amfani ƙwarai: a ɗauka daga nesa, a lura da wurin, a kai wa mai unguwa ko ma'aikatan gandun daji mafi kusa.

Giwa

Giwayen Yankari na daga cikin garkuna mafi girma da suka rage a Nijeriya, kuma ƙiyasin masana na shekarun baya-bayan nan ya sa yawansu tsakanin 100 da 150. Giwa takan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa guda mai nauyin kimanin kilo 100, ta shayar da shi shekara biyu ko fiye, kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar take sake haihuwa. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai ga cewa asarar ɗan giwa guda ɗaya a garke irin wannan babbar asara ce. Ana gane wanda bai cika shekara ba da cewa yana iya wucewa ta ƙarƙashin cikin uwarsa, kuma bai gama sarrafa hancinsa ba. Da baki yake shan nono, a tsakanin ƙafafun gaba na uwar.

Garken giwa na mata ne da 'ya'yansu, ƙarƙashin jagorancin babbar uwa, kuma kare ɗa aikin dukkansu ne. Idan suka ji abin da ba su yarda da shi ba sai su dunƙule, su sa ƙananan a tsakiya, manyan su fuskanci waje. Giwar da ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, tana girgiza kai ko tana watsa ƙasa, gargaɗi take yi. Idonta ba shi da ƙarfi sosai, amma jinta da shaƙar warinta suna da kaifi, kuma a cikin daji babu mutumin da zai tsere mata da ƙafa. A cikin gandu ba a sauka daga mota, ba a tsayawa a kan hanyar da garke yake bi zuwa ruwa, ba a kuma shiga da mota tsakanin uwa da ɗa ko da hanya ta raba su. Direba ya tsaya a inda zai iya juyawa, a yi shiru, a bar su su wuce. Maganar ɗan jagora ita ce ta ƙarshe, kuma bai dace baƙo ya matsa masa ko ya ba shi wani abu domin a ƙara matsawa ba.

Abin da ya fi shafar jama'ar gundumomin Duguri, Pali da Gwana shi ne fitowar giwaye zuwa gonaki, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Ɓarnar da suke yi wa manoma gaskiya ce, kuma ba a raina ta. Amma taruwar jama'a da wayoyi a hannu, ana ihu ana bin garke domin ɗaukar bidiyo, tana ƙara dagula lamarin. Garken da aka zagaye ba ya samun hanyar komawa daji, ƙananan sukan rabu da iyayensu a cikin ruɗani, kuma uwar da ta rasa ɗanta tana iya afka wa duk wanda ta tarar. Ana kira ga masu unguwanni da su hana yara da matasa fita kallo, su bar wa giwayen hanyar da ta nufi gandu a buɗe, su kuma sanar da ma'aikatan gandun nan take. Hoton da zai amfani manomi shi ne na gonar da aka ɓata da sawun giwayen, wanda za a ɗauka bayan sun tafi domin kai rahoto. Idan aka ga ɗan giwa shi kaɗai, ko ya faɗa rami ko laka, kada a kewaye shi, domin kukansa yana kai wa nesa kuma garken na iya dawowa a kowane lokaci.

Ɓauna, dorina da kada

Ɓauna takan amsa kukan ɗanta da garke guda, saboda haka hukuncinta ɗaya ne da na giwa. Dorina kan ware daga sauran idan za ta haihu, ta zauna da ɗanta a ruwa marar zurfi, kuma a wannan lokaci ba ta ƙyale kwalekwale ko mutumin da ya tsaya tsakaninta da ruwa. Kada mace tana gadin ramin ƙwanta kimanin wata uku, ta kwashi 'ya'yan a bakinta zuwa ruwa bayan sun ƙyanƙyashe. Duk inda aka ga ƙananan kadoji a gaɓa, uwar tana kusa ko da ba a gan ta ba.

Birai, da hoton da ake biya

A masaukin Wikki gwaggon biri da mugun dawa suna yawo a tsakanin ɗakuna, har baƙo ya ɗauka na gida ne. Jaririn gwaggon biri baƙi ne mai jan fuska, yana manne a cikin uwarsa a makonnin farko kafin ya koma hawa bayanta, kuma babu wanda zai gan shi bai so ɗaukar hotonsa ba. Kuskuren da ake yi shi ne miƙa masa biskit ko ayaba domin ya matso. Idan ya tsorata ya yi ƙara, manyan mazan garken za su taso, kuma haƙoransu suna yin mummunan rauni. Ban da haka, birin da ya koyi cewa abinci yana hannun mutum shi ne gobe zai fizge jaka, ya shiga ɗaki, ya ciji yaro. Akwai kuma batun cuta ta ɓangarorin biyu: mura da tarin mutum suna kama birai, cizo ko yaƙushin dabbar daji kuma na iya jawo cutar haukan kare. Cutar ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, tana cikin cututtukan da ake ɗauka daga taɓa namun daji. Wanda dabba ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ya tafi asibiti a ranar.

Wani abin da ya kamata a yi magana a kansa a fili shi ne ɗan birin da ake yawo da shi a kasuwa ko tasha da igiya a ƙugu, ana biya a yi hoto da shi. Hausawa na cewa ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, kuma a nan maganar ta tabbata, domin uwar biri ba ta sakin jaririnta da rai. Kusan duk ɗan jan biri ko kirka da aka gani a hannun mutum, an kashe uwarsa ne kafin a same shi. Wanda ya biya kuɗin hoton, ko ya saya don tausayi, ya ba maharbin dalilin komawa daji ya kamo wani.

Tsuntsaye da sheƙunansu

Tsuntsaye su ne suka fi kusa da kowa. Shamuwa kan iso gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, balbela kan taru da yawa a bishiya guda, fakara da zabin daji kuma a ƙasa suke yin ƙwai. Shamuwa ta saba da mutane, don haka ita ce ta fi dacewa ga mai son koyon ɗaukar hoto: ya zauna a inuwa daga ƙasa, ya jira lokacin da iyaye ke kawo abinci. Hawa bishiyar ne ba a so, domin 'yan tsakin da suka fara girma sukan yi tsalle su faɗo idan suka firgita.

Haɗarin da ke kan sheƙa iri biyu ne, rana da maƙiya. Uwar da aka kora daga kan ƙwai da tsakar rana ta bar su ga zafin da zai iya kashe su cikin ɗan lokaci. Wasu tsuntsayen bakin ruwa har jiƙa gashin cikinsu suke yi su dawo su sanyaya ƙwan. Hankaka da shirwa da guza kuma suna lura da inda mutum ya tsaya ya daɗe. Saboda haka ba a yanke reshe ko ganyen da ya kare sheƙa domin a sami haske, ba a fitar da 'yan tsaki a jera su a hannu, ba a kuma kunna kukan tsuntsu daga waya domin a jawo iyaye. Idan aka ga tsuntsuwa tana jan fiffike a ƙasa kamar ta karye, lafiyarta ƙalau, dabara ce ta janye mutum daga 'ya'yanta, kuma alama ce cewa ana gab da taka su. A dubi ƙasa da kyau a koma ta inda aka fito.

Akwai waɗanda asarar sheƙa guda ta fi yi wa illa. Ungulun da aka saba gani a mahauta ƙwai ɗaya take yi, kuma tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Burtu ma ɗa guda yake rayarwa a kowace sheƙa. Wanda ya san inda sheƙar ɗayansu take, ya bar wa cikinsa.

Malamai sun daɗe suna karantar da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, inda wasu sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa ya kuma umarce su da su mayar mata da 'ya'yanta. Yana da kyau limamai da malaman Islamiyya su riƙa tuna wa yara wannan a farkon damina, lokacin da sheƙuna suka fi yawa.

Kayan aiki da abin da ke biyo bayan hoto

Hotunan da ake gani a littattafai da talabijin, inda fuskar ɗan zaki ko ɗan giwa ta cika allo, da dogon gilashin kyamara mai jawo nesa kusa ake ɗaukarsu, sau da yawa bayan an yi kwanaki ana jira. Wayar hannu ba za ta ba da irin wannan ba, kuma neman sa da waya shi ne ke sa mutum ya yi ta matsawa. Mai waya ya ɗauki dabbar tare da wurin da take, da bishiyoyi da ruwa da sauran garken, wanda sau da yawa ya fi ba da labari. Ana iya ɗora idon wayar a kan madubin hangen nesa a sami ƙarin kusanci. Ƙaramin buhun gero ko wake da aka aza a tagar mota yana hana hannu rawa. Hasken safe da na la'asar sakaliya sun fi kyau, kuma a lokacin ne dabbobi suka fi fitowa. A kashe walƙiyar kyamara da ƙarar waya, kada kuma a haska rami ko sheƙa da tocila da dare. Juya baya ga dabba domin mutum ya ɗauki kansa tare da ita ganganci ne.

Ƙananan jirage marasa matuƙi da ake ɗaukar hoto da su daga sama suna firgita giwaye da tsuntsaye masu sheƙa, suna kuma tarwatsa garke. Tashinsu a Nijeriya yana bukatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, ban da amincewar hukumar gandun.

Yawancin wayoyin zamani suna rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, sai dai idan an kashe wannan a saitin kyamara. Wanda ya sa hoton ɗan giwa ko sheƙar ungulu a Facebook ko WhatsApp, ya kuma ambaci sunan rafin ko ƙauyen, ya yi wa mafarauta jagora bai sani ba. Ya wadatar a ce a Yankari ne ko a Jihar Bauchi, kuma ya fi kyau a jinkirta sakin hoton har sai dabbobin sun bar wurin.

Doka da aikin jami'ai

Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohin da aka ƙirƙiro daga baya suka gada, ita ce tushen kare dabbobin dawa a wannan yanki. A matakin tarayya akwai Doka ta 11 ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara yawan tara. Ta hana kamawa da mallaka da cinikin dabbobin da ta lissafa ba tare da izini ba, kuma ƙanƙantar dabba ba ta fitar da ita daga hukuncin. Cewa an ɗauko ɗan dabba ne domin hoto ko domin tausayi ba hujja ba ce ta riƙe shi a gida.

Idan aka kawo wa mai unguwa ko dagaci ɗan dabba, ya fara tambayar inda aka ɗauko shi da lokacin. In ranar ce kuma ba shi da rauni, a sa wanda ya ɗauko ya mayar da shi tare da babban mutum guda ɗaya. In ya kwana, ko yana da rauni, ko an tabbatar uwar ta mutu, a ajiye shi a wuri mai inuwa da shiru, nesa da yara da karnuka, kada a ɗura masa madara ko kunu, a kuma sanar da jami'in gandun daji ko likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Ana roƙon shugabanni da su yi haƙuri da wanda ya kawo da kansa, domin idan aka ci mutuncinsa, na gaba zai ɓoye ne.

Makarantun da ke shirya ziyara su raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowace da malami, su yi musu bayanin waɗannan ƙa'idoji tun kafin a shiga mota. Masu shirya fim da masu ɗaukar hoto domin kasuwanci su nemi izini a rubuce daga hukumar gandun kafin su taso, haka kuma duk mai niyyar ziyara ya tuntuɓi hukumar domin sanin halin hanya da lokutan fita kallon dabbobi. Rahoton tarko, ko gawar dabba, ko ɗan dabbar da ake sayarwa a kasuwa, ana kai shi ga ofishin gandu mafi kusa, ko sashen gona da gandun daji na sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ta hannun hakimin gunduma.